Yatsu Uku Suka Rage Mini a Hannun Dama, In Ci Gaba da Kibod ko In Haƙura?

Mai Kibod:
Salama 'yan'uwa. Admin a yi haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo. Bara mashin ya kayar da ni ina dawowa daga rihasal, na dafe ƙasa da hannun dama, ƙashin bayan hannu ya karye ta wajen ƙaramin yatsa. Gida suka kai ni wurin mai ɗori. Ƙashi dai ya kama, amma ƙaramin yatsa da mai bi masa sun ƙage, sun lanƙwashe ciki, ba sa miƙewa. A da ko dubawa ba na yi nake kama oktaf, wato daga do zuwa do na sama. Yanzu in na ɗora babban yatsa a kan do, iyakata la, in kuwa na ce sai ƙaramin ya kai, zafi ya harba har gwiwar hannu. Sauran ukun lafiyarsu lau. Ni kaɗai ne mai kibod a ikilisiyarmu, haka nake lallaɓawa duk Lahadi, wanda ya san kiɗa yana ji ya san akwai giɓi. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ci gaba? Ko dai in koya wa wani yaro in koma benci?

Baba Organis:
Sannu ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Kada in ƙara jin maganar benci. Hannu zama ne ba ya so. Mu da harmoniyam muka fara, ƙafa tana ba da iska hannu yana aiki, wanda ya ce hannunsa na ciwo dariya ake yi masa. Kowace safiya ka tsoma hannun a ruwan ɗumi, ka shafa man kaɗanya, ka kama yatsun nan ka ja su da ƙarfi har su saba. Sannan ka zauna kan sikel, hawa da sauka, kada ka tashi don zafi. Zafin nan jijiya ce ke buɗewa.

Likitan Gashi:
Baba, a gafarce ni. Ruwan ɗumi na yarda, man kaɗanya ma ba ya cutarwa. Amma ja da ƙarfi da daurewa kan zafi, a nan ban bi ku ba.

Ƙanina Mai Kibod, abin da kan sa waɗannan yatsu biyu su lanƙwashe bayan karaya ba ɗaya ba ne, maganinsu ma haka. Wani lokaci gaɓoɓin ne suka sandare saboda daɗewa a ɗaure, jijiyar da ke jan yatsa ta manne da naman da ke kewaye da ita. Wani lokaci ƙashin ne ya haɗe a karkace. Wani lokaci kuma jijiyar saƙo ce ta taɓu, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka buge wurin kake jin zirr har ƙaramin yatsa. Ita ke riƙe da ji a ƙaramin yatsa da rabin mai bi masa, ita ke motsa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu, in ta samu rauni daidai yatsun nan biyu ne ke ƙanƙamewa.

Gwada ka gaya mini. In ka sa hannun hagu ka miƙe su a hankali, suna miƙewa ko akwai inda suke tokarewa? In ka shafa bakin ƙaramin yatsa kana jin sa daidai da na hagu? In ka dunƙule hannu, wani yatsa yana hawa kan ɗan'uwansa? Sa takarda tsakanin yatsun biyu ka matse, wani ya ja, tana zarewa da sauƙi? Ko ma mene ne amsar, sai an ɗauki hoton ƙashi an gani. Asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa na Shika, ko na Jos, wanda ya fi maka kusa.

Ɗan Situdiyo:
Ni wallahi ban ga abin tashin hankali ba. Fiyanon zamani ai ya gama mana aiki. Kibod ɗin Yamaha PSR da ke gabanka, in ka kunna sitayil ka sa shi a yatsa ɗaya, maɓalli guda za ka danna ya ba ka cikakken kod, wato sautukan da ake dannawa tare, da bas da ganga. Ka haɗa da baƙin da ke hagunsa ya koma maino. Mu nan Kano waƙoƙi nawa aka yi a haka suka zagaye gari?

Mai Bas:
Oga ka karanta da kyau mana. Hannun hagunsa lafiya lau, na dama ne ya samu matsala. Kai kuma kana ta ba hagu magani.

Ɗan Situdiyo:
To ai na dama ma akwai. Oktaf yake nema ko? Ya ɗora murya biyu a kan juna, ya sauke ta biyun oktaf ɗaya ƙasa, ko ya ɗaga ta sama. Ya danna do guda, do biyu su fito. Akwai kuma maɓallin hamoni, yana ƙara wa karin waƙa muryoyi a ƙasa gwargwadon kod ɗin da hagu ya riƙe. In a situdiyo ne ma, sai ya rage gudu ya ɗauki hannu ɗaya-ɗaya a kwamfuta, a mayar da gudun daga baya. Mai sauraro kunne gare shi, ba ya ƙirga yatsu.

Baba Organis:
Wannan na'ura ce ke kiɗa, mutum yana gadi. Irin ta ce ta lalata mana yara. Yaro ya iya ki ɗaya tak, komai aka rera sai ya danna tiransifos, maɓallin da ke sauya masa ki. Ran da aka kai shi gaban fiyanon katako, ko wuta ta ɗauke aka ce ga harmoniyam, sai ya tsaya yana zare ido.

Malamar Fiyano:
Baba ina gaisuwa. A kan tiransifos ina bayanku ɗari bisa ɗari. Amma yaron da ya ƙi koyo daban, wanda ya koya hannu ya ci amanarsa daban.

Ƙanina, ni ban karye ba, haka aka halicce ni da ƙaramin hannu. Oktaf a can bakin maɓallai nake kama shi, da ƙyar, kuma in ya zo a jere da sauri ba na iyawa. A haka nake koyarwa, a haka nake raka mawaƙa. Bari in ba ka abin da na dogara da shi.

Ɗauki kod ɗin da muka saba cika hannun dama da shi: do, mi, so, do. Do na sama shi ne karin waƙa, ba a taɓa shi. Do na ƙasa maimaici ne, hagu ya riga ya faɗe shi a bas. Jefar da shi. Saura mi, so, do. Daga mi zuwa do na sama tazarar ba ta wuce ta do zuwa la ba, wato tana cikin iyakar da ka ce kana kaiwa. In so ya takura maka tsakanin manuniya da na tsakiya, shi ma sake shi, ko ka miƙa wa babban yatsan hagu. Mi kaɗai ne kada ka bari, shi ke gaya wa kunne ko kod ɗin mejo ne ko maino. Babban yatsa kan mi, na tsakiya kan do, hagu ya riƙe do da so a ƙasa. Kod ya cika, ba abin da ya ɓace.

A littafin waƙoƙi mai murya huɗu an saba a ce dama ta ɗauki soprano da alto, hagu ta ɗauki teno da bas. Wannan tsarin rubutu ne don mawaƙa, ba doka ba ce a kan mai kiɗa. Ni in teno ya yi wa bas nisa, dama nake ba shi. Kai akasin haka za ka yi: hagunka mai yatsu biyar ya riƙa karɓar alto duk inda ya sauko kusa. Ka zauna da fensir ka bi waƙoƙin da kuka fi rerawa, ka zagaye duk muryar da za ta canza hannu. Aikin yana da cin rai, amma sau ɗaya ake yi wa kowace waƙa.

Sai babban abin, wanda ya fi duk wannan. Ka daina miƙa yatsa ya je ya samo maɓalli. Ɗauki hannun gaba ɗaya daga gwiwa ka kai shi wurin, feda ta riƙe maka sautin da ka bari a baya. Masu manyan hannu suna iya zama wuri ɗaya suna miƙa, mu tafiya muke yi. In kibod ɗinku ba shi da feda, kafin komai ita za ku fara saya.

Mai Kibod:
Anti na gode ƙwarai. Feda akwai, amma ta daɗe a jaka, ban cika amfani da ita ba. To gudun sikel fa? Da yatsu uku yana yankewa.

Malamar Fiyano:
Fito da ita yau. Sikel kuma babban yatsa zai riƙa shiga ƙarƙashi akai-akai, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, wani wuri ɗaya biyu kawai. Daga baƙi zuwa farin da ke kusa kana iya zamewa da yatsa guda. Zai yi tsalle-tsalle da farko, a hankali zai yi laushi, muddin ba ka ɗaure wuyan hannu ba. Kuma ka lura, yawancin korus ɗinmu na Hausa, musamman na zumuntar mata, a kan sauti biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. A F shaf waɗannan biyar su ne baƙaƙen maɓallai cif. Sun ɗago sama, akwai fili tsakaninsu, yatsun da suka lanƙwashe ba za su riƙa gogar maƙwabta ba. Chopin, shahararren mai fiyanon nan, ma da sikel ɗin B yake fara wa ɗalibansa, ba C ba, don dogayen yatsu su kwanta kan baƙaƙe.

Ɗalibin Kiɗa:
Bari in sa baki da ɗan abin da muka karanta. Baba, maganar jan yatsa da ƙarfi tana tuna mini Robert Schumann na Jamus. Burinsa ya zama gwanin fiyano, hannunsa na dama ya lalace a farkon shekarun 1830, kuma da yawa suna ɗora laifin kan wata na'urar miƙa yatsa da ya riƙa amfani da ita. Dole ya koma rubuta kiɗa, matarsa Clara ce ta riƙa kaɗa su a gaban jama'a.

Leon Fleisher na Amurka ya fi kusa da mu. A 1964, yana da shekara 36, yana kan ganiyarsa, ƙaramin yatsansa na dama da mai bi masa suka fara naɗewa cikin tafin hannu. Ya ƙara awannin atisaye, abin ya ƙara lalacewa. Sai bayan shekaru masu yawa aka gane cutar daga ƙwaƙwalwa take, saƙon da take aika wa yatsu ne ya cakuɗe, ana ce mata distoniya. Kusan shekara 30 ya yi yana kaɗa kiɗan hannun hagu zalla, yana koyarwa a Baltimore, yana jagorantar ƙungiyoyin makaɗa. A shekarun 1990 allurar Botox da wani irin tausa suka taimaka ya dawo da hannu biyu, har ya fitar da faifai a 2004.

Kafinsa akwai Paul Wittgenstein ɗan Ostiriya. An harbe shi a yaƙin duniya na ɗaya a 1914, aka yanke hannun dama, Rashawa suka tsare shi a Sibiriya. Da ya dawo sai ya riƙa biyan manyan marubuta kiɗa su rubuta masa na hannun hagu kaɗai: Ravel, Prokofiev, Richard Strauss, Britten. Na Ravel, wanda aka fara kaɗawa a Vienna a 1932, in ka rufe ido ba za ka ce hannu ɗaya ba ne. Akwai ma Nicholas McCarthy na Ingila da aka haifa ba hannun dama, ya gama makarantar kiɗa ta Royal College of Music da ke Landan a 2012.

Mai Bas:
Labari ya yi daɗi, amma a faɗa duka. Wittgenstein ɗan gidan attajirai ne, ubansa na cikin masu kamfanonin ƙarfe mafiya kuɗi a Ostiriya. Shi ya sa ya iya kiran Ravel. Ɗan'uwanmu wa zai kira? Ranar Lahadi mai jagorar waƙa za ta ɗauko korus a kin da ta ga dama, ba sanarwa, ya bi ta ko ya ji kunya. Ku kawo mana misalin talaka.

Ɗalibin Kiɗa:
Gaskiyarka. To ga Horace Parlan, baƙar fatan Amurka mai kiɗan jaz. Shan inna ya kama shi yana yaro, ya bar masa hannun dama a shanye, yatsu biyu ba sa aiki. Ba wanda ya rubuta masa komai. Shi ya gina salonsa: hagu ya ɗauki nauyin da ya fi na kowa, sauran yatsun dama suna sara kod gajere-gajere da ƙarfi. Ya yi aiki da Charles Mingus, shahararren mai bas na jaz, daga baya ya koma Denmak da zama, ya rasu a 2017. Masu sauraro suna gane kiɗansa daga salon nan. Mai Kibod, nemi bidiyonsa ka zuba wa hannun ido, kusan matsalarku ɗaya. Oscar Peterson ma shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa hagu a 1993, ya dawo dandali dama tana ɗauke da yawancin aikin.

Baba Organis:
Na ji. Amma kai ɗalibi, ba ka faɗi cewa Ravel ya yi fushi da Wittgenstein ba don ya canza masa rubutu? Mun san wannan labarin mu ma. Wanda ya rubuta murya huɗu ya san dalilin da ya sa kowace a wurinta.

Malamar Fiyano:
Ya yi fushi kam, Baba. Amma Ravel na hannu ɗaya ya rubuta tun asali, an auna shi daidai da mai kaɗawa, canjin na son rai ne. Mu kuwa muryoyin nan huɗu suna bakin mawaƙa, ba wanda ya cire su. Kibod rakiya yake yi.

Kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: girman maɓallan nan ba daga sama ya sauko ba. Oktaf a fiyanon yau wajen santimita 16.5 ne, tsofaffin fiyano na zamanin Mozart sun fi haka matsuwa. Josef Hofmann, da duk shahararsa a kiɗan fiyano, sai da kamfanin Steinway ya ƙera masa mai ƙananan maɓallai saboda hannunsa. Tun shekarun 1990 David Steinbuhler a Amurka yake ƙera masu oktaf inci 6 da inci 5.5, maimakon 6.5. Mata da yawa da ake cewa ba su da ƙarfin kiɗa, takalmin wani aka ba su aka ce su yi tsere. Alicia de Larrocha ta Sifaniya 'yar ƙaramar mace ce, ta yi suna da kiɗan da maza masu manyan hannu ke tsoro, amma mutum nawa ne suka bari a hanya kafin a samu irinta guda?

Mai Kiɗan Biki:
Assalamu alaikum. Tunda likita na kusa bari in raɓa. Ni ban faɗi ba, ban karye ba. Amma in na kwana ina kiɗa a wurin biki, cikin dare hannu ya mutu, babban yatsa da biyun da ke bi masa, sai na tashi na yarfa shi kafin ya dawo. Yanzu har kofi yakan suɓuce mini. Diklofenak nake sha kafin in hau.

Likitan Gashi:
Wa alaikumus salam. Naka ya yi kama da matsewar jijiyar tsakiya a wuyan hannu. Akwai wata 'yar hanya a wurin da jijiyar ke bi tare da jijiyoyin da ke jan yatsu, in wurin ya kumbura ita ke shan matsi. Mutuwar hannu da dare da yarfawa alamunta ne sanannu. A tsaye kake kiɗa ko? Na sha ganinku: an kafa kibod a kan ƙarfe mai gicciye can ƙasa daidai cinya, mutum ya tsaya a kansa, wuyan hannu ya karye baya, awa da awanni. Ko a zauna kan kujerar roba mai zurfi, kibod ya kai ƙirji, kafaɗu a ɗage. Daidaita tsayin yadda daga gwiwar hannu zuwa bayan hannu zai miƙe sambal. Ka riƙa sauke hannu tsakanin waƙa da waƙa. Akwai abin ɗaure wuyan hannu da ake kwana da shi don kada ya lanƙwashe cikin barci, yana taimaka wa da yawa. A duba maka suga, masu ciwon suga sun fi kamuwa. Tunda har abu ya fara suɓucewa, kada ka ja lokaci, in tsokar gindin babban yatsa ta fara motsewa dawo da ita da wuya.

Diklofenak ɗin nan kuma ka daina yi masa shan kullum. Yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, ga shi yana rufe maka zafin da ya kamata ya tsayar da kai.

Mai Kiɗan Biki:
A tsaye nake yi kam, ƙarfen ma ramin tsakiyarsa ya lalace, ƙasa kaɗai yake tsayawa. Zan kai wa mai walda.

Mai Kibod:
Likita na gwada. In na sa hagu, mai bi wa ƙaramin yana miƙewa kusan duka. Ƙaramin yana zuwa rabi ya tokare. Ji yana nan daidai da na hagu, takarda ma na riƙe ta. Amma in na dunƙule, ƙaramin yana shigewa ƙarƙashin ɗan'uwansa.

Anti, na gwada mi da do ɗin nan da feda a rihasal ɗin jiya. Mai ganga bai lura da komai ba. Mai jagorar waƙa ce ma ta ce yau ba na rufe mata murya.

Likitan Gashi:
Madalla, da alama jijiyar saƙo lafiyarta lau, wannan labari ne mai daɗi. Wanda ke miƙewa da taimako akwai kyakkyawan fata gashi da motsa shi a hankali su dawo da shi. Shigewar ƙaramin ƙarƙashin ɗan'uwansa kuwa tana nuna ƙila ƙashin ya haɗe a ɗan murɗe, wannan ja ba ya gyara shi ko shekara za a yi ana ja. Likitan ƙashi ne zai duba ya ce a bar shi ko a yi aiki. Ka je da bayanin cewa kai mai kiɗa ne, ka nuna masa da hannu abin da kake buƙatar yatsan ya yi, domin abin da ya ishi mai riƙe biro bai ishe ka ba.

Ɗan Situdiyo:
Kun ga? Da an bi tawa tun farko da murya biyun nan ma ya samu oktaf ɗinsa kyauta.

Malamar Fiyano:
Ya sa mana, a baitin ƙarshe inda ake son ƙarfi. In ya bar ta a kunne daga farko har ƙarshe kunne zai gaji.

Baba Organis:
To, likita ya fi ni sanin ƙashi, a bar jan. Ruwan ɗumin dai kada a fasa. Ɗana, waƙoƙin da za ka bi da fensir, ɗauki hoton shafi biyu ka turo nan in ga inda ka kai alto, don akwai wuraren da in hagu ya karɓe shi bas zai yi ƙura. Tiransifos kuma ko yatsa ɗaya ya rage maka ban yafe ba.

Mai Kibod:
Baba zan turo da yamma in an kawo wuta. Likita, hoton ƙashin sai na fara ganin likita a rubuta mini, ko in ɗauka a waje in tafi da shi?

Likitan Gashi:
Fara ganinsa. Shi zai faɗi ta fuskar da yake so a ɗauka, kada ka biya kuɗi sau biyu.